Ranar da Habboba Ta Yi Guɗa

Kakata ta wajen uwa, wadda muke kira Habboba kamar yadda 'ya'yan Larabawa ke kiran tasu, ita ce maguɗiyar ƙauyenmu. Ƙauyen Hausawa ne a bakin kogi, kusa da garin Suki, can gabas nesa da ƙasar Hausa, inda Larabci ne harshen gari, kuma a lokacin da nake yarinya ba a kai amarya ko a raɗa suna ba a aiko mata ba. In ta kama hanci ta saki guɗa, masu kamun kifi a tsallake ma sukan san an yi abin arziki. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, baƙa wuluk, haƙoranta sun kusa ƙarewa, ga tsokana kamar ta yaro. Ni ta fi takura wa, don ni ce mai saurin fushi a gidan, kuma har yau ban canza ba.

Idan sanyi ya shigo, da an ci abinci bayan magariba sai ta jawo kanun, murhun gawayin nan na ƙarfe, ta ajiye shi tsakiyar rumfar kara da muke kira rakuba. Tana soya 'ya'yan gahawa tana fifita wuta, mu kuma muna matsowa da tsummokan rufarmu, ni da yaran maƙwabta. Yaya Bashir ya girme ni nesa ba kusa ba, yana sakandare a Suki, kuma ya ce shi ya wuce shekarun tatsuniya. Amma kullum kekensa ba ya tashi lalacewa sai daidai bakin rakubar. Inna, mahaifiyarmu, takan zauna daga gefe tana tsince riɗi, tana gyara wa uwarta labari in ta ga ƙarin gishirin ya yi yawa.

Habboba ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke yi. Sai ta leƙa waje kamar mai jiran baƙo ta ce, "Ga ta can tahe, da ƙahwa guda." Mu kuma mu ce, "Ta ƙaraso ta sha jabana." Jabana ita ce gahawar da take dafawa a ɗan tulun yumɓu, mai citta da yawa, wadda ba ta ba yara sai dai mu lashi gindin kofi.

Tana da tatsuniyoyin da ta gada wajen uwarta, na kura da na 'yan matan da ba sa jin magana. Amma akwai guda ɗaya da babu mai ita a ƙauyen sai ita, domin ba daga Sakkwato kakanninmu suka taho da ita ba. A Madani ta samo ta.

Tana 'yar yarinya iyayenta suka je tsinkar auduga a gonakin Jazira, aka sa ta aiki a gidan wani Bayahude mai sayar da yadi a kasuwar Madani. A wancan zamani akwai su kaɗan a garin, kafin su watse. Babban aikinta shi ne ranar Asabar, ranar da addininsu ya hana su taɓa wuta. Ita ke hura musu murhu, ita ke kashe fitila. Uwar mai gidan wata tsohuwa ce da kowa ke kira Samha, wato kyakkyawa a Larabcin nan namu. Abin da ke ba Habboba dariya ke nan, don a faɗarta ba ta taɓa ganin mace mai muni irin nata ba: hanci kamar ludayi, ga wani tabo mai gashi a haɓa.

"Ran nan nic ce mata, Sitti, wato uwargida, wa yas sa maki suna Samha, makaho na? Sai tak kwashe da dariya har tana tari. Tac ce, ke jaka, ba Samha ba, Simha. Ga bakinmu hwarin ciki ke nan. Tac ce su wurinsu hwarin ciki aiki na, awa salla, awa azumi. Wanda yay yi ibada hwuska murtuke, rabin aiki yay yi."

Daga nan sai ta shiga tatsuniyar kanta. Wai tun farkon duniya an zuba wani haske a cikin randuna, hasken ya fi ƙarfinsu, suka fashe. Tartsatsinsa ya warwatsu ko'ina, ya shige cikin ƙwayar dawa, da ruwan rijiya, da kashin jaki, har da bakin maƙiyinka. Aikin ɗan Adam shi ne ya tattaro shi ya mayar inda ya fito. Sai dai tartsatsin nan matsoraci ne kamar ɗan tsako, ba ya fitowa gaban mai ɗaure fuska. Sai an yi abu da farin ciki, ko cin abinci ne, ko sadaka, ko addu'a, sannan yake leƙowa. Kowace yamma wani mala'ika yakan bi gida gida da kwando yana kwashe abin da aka fitar.

To akwai wata mata da gobara ta cinye gidanta ƙurmus. Mala'ikan ya zo wucewa, ya ce yau kam babu abin ɗauka a nan. Sai ya hango ta durƙushe tana tonon toka. Ta ci karo da ƙwan da kazarta ke kwanci a kai, ta fasa ɗaya, ta ga wuta ta gasa shi daidai ci. Ta dubi ƙwai, ta dubi kangon gidanta, sai dariya ta kama ta. Ta kira yaran unguwa ta ce su zo, yau an yi mata girki ba ta nemi itace ba. Tartsatsin da ya tashi a wurin sai da ya ƙona wa mala'ikan yatsu. Da ya koma sama ya tambayi babbansu ko matar nan mahaukaciya ce. Babban ya ce masa hawaye kowa na kawo su, don ba a sayensu. Wannan kuwa da tsada ta saye shi.

"Zancen Samha na, ba nawa ba," Habboba takan ce, tana zuba gahawa. "Ni Musulma ta, ɗiyam Musulmi. Amma dai ban ga inda tay yi ƙarya ba." Sannan ta kaɗa hannu ta ce tatsuniya ta hau jirgin ƙasa ta koma Madani, kowa ya tashi ya ba ta wuri.

Shekarar da Yaya Bashir ya gama sakandare aka ce duk wanda ya gama sai ya yi hidimar soja kafin a ba shi takardarsa. Mu a nan takardar gama makaranta shahada muke ce mata. Inna ba ta yi boko ba, amma wannan kalma ta riƙe ta gam. Duk wanda ya tambaye ta ina Bashir sai ta ce ya tafi karɓo shahadarsa, zai dawo ya shiga jami'a. An ce horo ne kawai na 'yan watanni. Daga baya muka ji an kwashe su an yi kudu da su, inda ake yaƙi.

Wata safiya ina shara wani mutum ya yi sallama, da farar jallabiya da jaka a hammata. Baba yana gona. Inna ta fito da hannu duk ƙullun kisra, wainar dawar da muke ci a nan. Mutumin ya washe baki ya yi mata barka da Larabci, ya ce, "Mabruk, ya Hajja. Ɗanki ya sami shahada."

Na ga fuskar Inna a lokacin, kuma da ma ban gani ba. Ta yi dariya. Dariya sosai, irin wadda ke fitowa daga ciki, har ta tafa hannu ƙullu ya fantsama. Ta ce, "Alhamdu lillahi! To yaushe shika isowa?" Mutumin ya sauke ido. A nan ta tuna cewa kalmar tana da wata ma'ana. Ba ta yi ihu ba. Ta juya ta shiga ɗaki ta kwanta a kan gadon igiya, ta fuskanci bango.

Ba a kawo gawa ba. Ba a faɗa mana inda aka binne shi ba, ko ma an binne shi. Mutane suka zo gaisuwa suka watse, Inna tana kwance. Ba ta kuka, ba ta magana, in an kai mata kunu sai a dawo a same shi ya yi sanyi. Salla ma a zaune take yi, in an tuna mata. Abu ɗaya kawai take maimaitawa, a hankali, kamar mai jan carbi: "Na yi dariya. Anka ce ɗana ya mutu, ni ko nay yi dariya." Baba ya kawo malami ya yi rubutu, ta ƙi sha. Ya ɗauko ma'aikacin asibiti daga Suki, ya duba ta ya ce jikinta lafiya lau, in dai za ta ci abinci. Wuyan hannunta ya koma kamar nawa. Kowa a gidan ya san inda abin ya nufa, babu dai mai faɗa.

Habboba ce kaɗai ba ta sallama ba. Ta ɗauke kanun daga rakuba ta dasa shi a bakin ƙofar ɗakin Inna. Yaran maƙwabta sun daina zuwa, don iyayensu sun ce ba a tatsuniya a gidan makoki. Saura ni kaɗai. Ta leƙa waje ta ce ga ta can tafe, ni kuma in amsa. Kuma kullum tatsuniyar guda ce, ta matar nan mai ƙwai, da ƙarfi yadda za a ji a ciki.

Na tsani yammacin nan, ba zan ɓoye ba. In an zo wurin dariya sai ta mintsine ni a cinya.

"Yi dariya, ƙawata."

"Ba ta zo mini ba, Habboba."

"Wa yac ce ki jira ta zo? Ruwa ma zuwa aka yi a ɗebo shi. Yi, uwakki na saurare."

Sai in yi wata irin dariya mai kama da kukan akuya. Ita kuma ta ɗora tata a kai, tana kallon labulen ƙofa. Labulen bai taɓa motsi ba. Wata rana da ta sunkuya gyara gawayi na ga hawaye na ɗiga a kan toka, bakinta kuwa bai daina ba da labarin yatsun mala'ika ba. Bashir jikanta ne na fari, ita ta fara yi masa wanka.

Ana cikin haka mutanen gwamnati suka aiko cewa za su zo auren shahidi. A shekarun nan haka ake yi: in saurayi ya mutu a yaƙin, sai a zo gidansu da ganguna da lasifika da buhun sukari, a ce ba makoki ba ne, biki ne, an ɗaura masa aure a Aljanna. Kuma ƙa'idar bikin ita ce uwar mamaci ta fito gaban jama'a ta yi guɗa. Baba ya so ya ce a'a. Dattawa suka ja shi gefe suka tuna masa abin da ya sami wani a ƙauyen gaba da ya ce a'a. Ya dawo ya zauna.

Suka zo da la'asar a mota biyu. Aka kafa rumfa, aka yi jawabi, aka yi ta kabbara. Sannan babbansu, wani mai tumbi da sandar ado, ya ce a fito da uwar ango. Baba ya ce ba ta da lafiya. Mutumin ya yi murmushi ya ce ai murna magani ce, ya yafito waɗansu mata biyu da suka zo tare da su, masu fararen lulluɓi. Suka nufi ɗakin Inna. Ina tsaye a wurin, na ji ɗayar tana ce wa 'yar'uwarta in ba ta iya tsayuwa sai su riƙe ta ta kafaɗa.

Kafin su kai, Habboba ta riga su. Ta tsaya a bakin ƙofar, ta baje hannu ɗaya a kan labule, ta kama hanci da ɗayan.

Na ji guɗarta a bukukuwa ba iyaka, amma ban taɓa jin irin ta ranar ba. Ta yi tsawo har na zaci numfashinta zai ɗauke. Masu ganga suka tsaya. Ta ja iska ta sake wata, ta sake wata, tana takawa zuwa tsakiyar fili, matan nan biyu suka bi ta da tafi, suka manta da abin da aka aike su. Mai sandar ya ɗaga sandarsa yana kaɗawa a kanta yana cewa, "Samha, ya Hajja! Samha!" Wai ta yi kyau. Na ga ta ɗan yi turus da jin kalmar, sannan ta ci gaba. Babu wanda ya sake tambayar uwar ango. Suka sauke buhunsu suka tafi kafin magariba.

Ƙurar motarsu ba ta kwanta ba labulen ya ɗaga. Inna ce tsaye, tana dafe da bango. Rabon da in gan ta a tsaye har na manta. Ta dubi uwarta, ta ce da wata murya da ban san ta da ita ba:

"Ke kinka yi guɗa?"

"Ni ta."

"Bisa Bashir?"

"Bisa Bashir."

Na buɗe baki zan ce ai ke suka zo ɗauka, sai na ji farcen Habboba a cinyata, wannan karon har da jini. Inna ta ce, "Ni kuskure nay yi, ban sani ba. Ke ko kin sani." Ta tofar da yawu a ƙasa. Ta ce daga yau ba za ta ƙara cin abin da hannun wannan mata ya taɓa ba. Ta wuce madafa tana tangaɗi, ta hura wuta da kanta, ta dama kunu, ta zauna ta shanye shi tas tana huci.

Washegari ta sake dafawa. Bayan 'yan kwanaki ta sa Baba ya ja zana tsakanin ɗakinta da na uwarta. Da damina ta faɗi ta koma gona. Jikinta ya dawo. Ba ta ƙara cewa ta yi dariya ba, sai dai ta ce waccan matar ta yi guɗa. Haka take kiranta, waccan matar.

Kanun bai ƙara fitowa da yamma ba. Habboba ta daina zuwa biki, in an aiko ta ce maƙogwaronta ya lalace. Ta rayu shekaru bayan haka a bayan zanar nan, tana jin muryar 'yarta kullum, ba a yi mata ko sannu. Ni ke kai mata abinci. Lokacin da ciwon ajali ya kwantar da ita na riga na yi aure a Damazin, na zo jinya. Wata yamma ina shafa mata mai a ƙafa na tambaye ta abin da ya daɗe yana cina.

"Habboba, ran nan da kika yi guɗa, tartsatsin ya tashi?"

Ta yi 'yar dariya. "Ko guda. Toka ta zalla."

"To bari in faɗa wa Inna gaskiya. Ta shigo ku gana."

Ta riƙe mini hannu da ɗan ƙarfin da ya rage mata. "Ni don in tsare ƙohwa nay yi, ban san abin da za shi biyo ba. Amma da nig ga ta tashi, sai nig gane. Da, kanta taka ƙi, shi ya sa ba ta ci. Yanzu ni taka ƙi. In kin ɗauke mata ni, wa za ta koma ma? Bar ta. Mai jin haushi tana cin tuwo."

Inna ba ta shigo ba. Ranar da aka fitar da gawar tana bayan gida tana sussukar dawa, ina jin sautin taɓaryar har aka wuce.

Na daɗe ina juya zancen tsohuwar nan ta Madani. Ina yarinya na ɗauka ma'anarsa ita ce in ka daure ka yi murna, abubuwa za su gyaru. Ban ga sun gyaru ba. Bashir bai dawo ba, ko kabarinsa ba mu sani ba. Tatsuniyar da aka yi ta yi a bakin ƙofa ba ta ɗaga Inna ko da taƙi ɗaya ba. Waɗanda suka zo da ganguna su ma cewa suka yi farin ciki ibada ne, kuma har yau ban manta da fuskar mai sandar nan ba. Na rasa yadda magana ɗaya za ta fito daga bakin Habboba ta fito daga nasa. Abin da na iya ganewa kawai shi ne, shi da ɗan wani ya sayi tasa murnar, ita kuwa da 'yarta ta biya, kuma ba ta ga ko tartsatsi ɗaya ba. Ban sani ba ko kwandon mala'ikan yana ɗaukar irin wannan. In ba ya ɗauka, to ban san amfaninsa ba.

Yanzu Inna tana wurina a Damazin, tun bayan rasuwar Baba. Ta tsufa, amma ƙafarta da ƙarfi, ita ke kai yarana makaranta. Ban ƙara jin dariyarta ba tun safiyar nan. In ana biki a unguwa ta ji an fara guɗa, sai ta shiga ɗaki ta rufo ƙofa.

Kwanan baya aka kai amarya gidan da ke bayanmu muna cikin cin abinci. Ta ajiye lomar da ta ɗauka, ta ce, "Waccan matar, ko a lahira ba ni son a haɗa mu." Maganar ta zo mini har kan harshe. Shekara nawa ina ɗauke da ita, kuma wadda ta hana ni ta daɗe a ƙasa. Na dubi Inna, na dubi wuyan hannunta. Ta gama huci, ta turo mini kwanonta ta ce miyar ta yi mata kaɗan.

Na tashi na ƙaro mata.